Shawarwarin da aka ba saurayin da ke jin kiran bishara

Bayan sujada, wani saurayi ya faɗa wa dattawan ikilisiya cewa zuciyarsa na jan sa zuwa aikin bishara, amma tsoro ya hana shi sakat. Ga abin da na tsinta daga zaman.

Kusan kowa ya ce tsoron ba laifi ba ne. Musa ya ce shi mai nauyin baki ne, Irmiya ya ce shi yaro ne, Allah kuma bai fasa aikensu ba. Wata mama ta ƙara da cewa wanda ya kamata a ji wa tsoro shi ne mai ganin ya isa da kansa.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun abinci. Wani tsohon fasto da ya yi shekaru a ƙauye ya ce, "Ɗana, baikon karkara wani lokaci kwanon dawa ne da ƙwai biyu. Ka koyi sana'a, dogara ga Allah ba ta hana riƙe fartanya." Ya tuna masa yadda Bulus ya yi ɗinkin tanti a Koranti tare da Akila da Bilkisu. Wannan shawara ta fi taɓa ni, domin na ga masu bishara da yunwa ta karkatar da wa'azinsu zuwa roƙon kuɗi, abin ya yi mini ciwo.

An ce kada ya yi gaggawar neman makarantar tauhidi a Bukuru ko Kagoro. Ya fara koyar da yara a makarantar Lahadi, ya dage da addu'a, har ikilisiya ta shaida kiran. Iyayensa da wadda zai aura kuma su sani tun yanzu.