Kare ya tare jami'i a ƙofar gida: harbi ko ja da baya?

Mazaunin Jekadafari:
Assalamu alaikum. A makon jiya wasu jami'an tsaro sun kawo sammaci wani gida a unguwarmu a nan Gombe, sai karen gidan ya fito zaure yana gurnani, gashin bayansa a miƙe. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga bindiga, alhali yara na wasa a bakin kwata bai fi taku goma ba, sai da mai gidan ya fito a guje ya riƙe karen. Shin me ya kamata jami'i ya yi a irin wannan hali?

Tsohon ɗan sanda, Bauchi:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bindiga ita ce ta ƙarshe, domin harsashin da ya kuskure kare a lungu bai san yaro ba. Abin da aiki ya koya mini shi ne a yi sallama daga waje, a ce wa mai gida ya ɗaure karensa kafin a shiga. Idan kuwa karen ya riga ya fito, kada a gudu, kada a ƙura masa ido. A tsaya a ɗan karkace, a sa kulki ko jaka a tsakani, sannan a ja da baya sannu a hankali. Mai yawan haushi galibi gadin gida yake yi. Wanda nake shakka shi ne wanda ya yi shiru ya sandare.

Ma'aikaciyar lafiyar dabbobi:
Baba ya faɗi gaskiya, amma akwai saura. Idan karen ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a garzaya asibiti domin allurar rigakafin haukan kare, domin da zarar alamun cutar sun bayyana da wuya a tsira. Shi kuma karen a killace shi kwana 10 ana lura da shi. In ya zama dole a kashe shi, kada a fasa kansa, saboda ƙwaƙwalwar ce ake gwadawa a wurare irin su cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Filato.

Mazaunin Jekadafari:
Na gode, Hajiya. Sai dai a unguwarmu in kare ya ciji mutum, kafin jami'i ya iso samari sun gama da karen da duwatsu, sun jefa shi a bola.

Tsohon ɗan sanda, Bauchi:
To, nan ma akwai aikin jami'i: ya hana kowa taɓa gawar da hannu, ya kira likitan dabbobi, ya kuma rubuta sunan duk wanda karen ya ciza ko ya yakusa.