Jama'a me za mu riƙa kiran dibiden da Hausa?

Mai tambaya:
Salamu alaikum. Kalma ɗaya tak nake nema yau, sunan kuɗin nan da kamfani ke turo wa wanda ya sayi hannun jarinsa idan shekara ta zagayo, wanda 'yan boko ke cewa dibiden. Abu ne ya faru a gidanmu shi ya sa. Bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, mun buɗe akwatin ƙarfensa don lissafin gado sai ga takardun shaidar hannun jari, wasu tun na zamanin da gwamnati ta sa kamfanonin Turawa dole su sayar wa 'yan ƙasa da hannun jari, dokokin 1972 da 1977 ɗin nan, wasu kuma na wajen 2005 lokacin da Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya na wancan lokacin, ya ce kowane banki sai ya haɗa jarin naira biliyan 25, bankuna suka bazama talla har ƙauye. A ƙarƙashinsu kuma ga wasu takardu masu kama da cak an ɗaure su da zare, ko ɗaya bai taɓa kaiwa banki ba. Na tambayi Inna ta ce ai ranar da ta farko ta zo wani ne ya karanta masa ya ce "ruwan kuɗinka ne suka aiko maka", shi kuwa Baba da ya ji kalmar ruwa ya ce ba zai ci ba, ya ajiye, haka ya yi ta ajiyewa har ya koma ga Allah. Kuma fa da yawa na kamfanin sabulu ne da na fulawa. Abin ya tsaya min a rai wallahi, fassara ɗaya da aka yi ba daidai ba ta raba bawan Allah da haƙƙinsa shekara da shekaru. To me ya kamata a ce masa?

Ɗan Kwari:
Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Ni dai ban ga abin wahala ba ɗan uwa, riba ce kawai. Mu nan kasuwa in Alhaji ya ba yaro jari ya juya, ƙarshen shekara a zauna a fitar da uwar kuɗi gefe, abin da ya hau kai sunansa riba, a raba. Menene bambancin?

Malamar Hausa:
Amin. Malam Ɗan Kwari kana da gaskiya a baki amma a rubuce akwai matsala babba. Riba biyu gare mu. Akwai riba ta ciniki wadda ake jan wasalin farko, ita ce ta halak da kowane ɗan kasuwa ke nema, akwai kuma riba mai gajeren wasali wadda Alƙur'ani ya haramta, ta kuɗin ruwa. Dukkansu daga Larabci muka aro su, ɗaya daga ribhu ɗaya daga riba, kunne yana rarrabe su amma rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ba ya nuna karin sauti, duk r-i-b-a ne. To ka ɗauka saƙo ya shigo wayar tsohuwa an rubuta "an biya ki riba", jikanta ɗan firamare ne zai karanta mata, ta ina za ta san wacce ake nufi? Abin da ya sami Baban mai tambaya shi zai sake faruwa. Dole a jingina ta da wata kalma da za ta tsare ta.

Tsohon ma'aikacin banki:
Hajiya Malama ta taɓo rabi, bari in kawo ɗaya rabin don na yi shekaru ina cika wa mutane fom ɗin nan. A rediyo an fi cewa "ribar hannun jari", ni ma da ita na saba, amma abu uku ne daban daban suke shiga ƙarƙashinta kuma rashin rarrabe su ne yake sa mutane rigima a kanta.

Akwai ribar da kamfanin kansa ya ci a shekara bayan ya cire kuɗin ma'aikata da na kaya da haraji, wannan ta kamfani ce, ba ta shigo aljihunka ba tukuna. Daraktoci su ne za su zauna su ce daga cikinta za mu fitar da kaza mu raba wa masu hannun jari, saura mu mayar cikin sana'a mu sayi injina ko mu biya bashi, sai a kai maganar babban taron shekara masu hannun jari su amince, kuma a dokar kamfanoni ta Najeriya taron yana iya rage abin da daraktoci suka kawo amma ba ya iya ƙarawa. Wannan da aka fitar aka raba shi ne dibiden. Ana lissafa shi ne a kan kowane hannun jari ɗaya, misali a ce kobo 50, kai kana da 2,000, naira 1,000 kenan, a cire harajin kashi 10 cikin ɗari tun daga can, 900 ta iso ka. Kamfani yana iya cin riba mai yawa ya ce bana ba rabo, ba wanda zai kai shi ƙara, in ya faɗi kuwa galibi babu. Nan ne ya rabu da kuɗin ruwa, shi ruwa an yanka shi tun ranar da aka karɓi bashi, a ci riba ko a faɗi sai an biya.

Na ukun shi ne tashin farashi. Waɗanda suka sayi na MTN da aka fitar wa jama'a a Disambar 2021 a kan naira 169 kowane ɗaya, duk wanda ya sayar a sama da haka abin da ya hau kai ai shi ma ribar hannun jari ce a Hausance, amma ba kamfani ne ya ba shi ba, wanda ya saya a hannunsa ne. Mutanenmu da yawa da suka shiga a 2006 da 2007 wannan suka bi, da kasuwa ta rushe a 2008 suka ce an cinye musu kuɗi suka watsar da takardun, alhali wasu kamfanonin sun ci gaba da rabo duk shekara, yana can yana taruwa da sunansu ba su sani ba. Saboda haka ni ban yarda da "ribar hannun jari" ba, ta yi faɗi da yawa.

Jikan makiyaya:
Ranka ya daɗe wannan bayani naka ai saniya ce ka kwatanta. Ka sayi saniya, ita ce jarinka. Nonon da ake tatsa ka sha ko ka sayar saniyarka na nan tsaye, shi ne dibiden ɗin. In ta yi ƙiba ko shanu sun yi tsada ka kai ta kara ka sayar da ƙari, wannan tashin farashi ne, amma ka rabu da saniya kenan ba sauran nono. Shekarar da ba ciyawa kuma ba nono, ba wanda ya yi maka alkawari. Ni na ce a kira shi nonon jari.

Malamar Hausa:
Kai wannan misali ya yi daɗi ƙwarai, zan ɗauke shi in shiga aji da shi in ka yarda. Wajen koyarwa ban ga wanda ya kai shi ba. Sai dai a matsayin suna ba na jin zai zauna a fom ɗin banki ko a bakin mai karanta labarai, a ce "kamfanin siminti ya sanar da nonon jari na naira kaza", mutane za su tsaya kan kalmar su bar labarin. A bar shi a misali.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku 'yan uwa. Mu nan Nijar da Faransanci munka san shi, dibidand suke cewa, kusan ɗaya da naku. Kasuwar hannun jarinmu ma ba ta cikin ƙasa, tana Abijan, guda ce ga ƙasashe takwas masu sefa ta yamma, shi ya sa talaka bai cika sanin zancen ba sai ma'aikata da manyan 'yan kasuwa. Amma mi ya hana a ce rabo kawai? Kuɗɗi ne anka raba, kowa ya samu rabonai. Gajera ce kuma ba a buƙatar bayani.

Mai tambaya:
Yaya na Maraɗi na gode, na juya kalmar nan a baki sosai kafin in amsa. Tsorona da rabo shi ne mu Hausawa mun riga mun ba ta aikin ƙaddara, rabon kwaɗo ba ya hawa sama, mai rabo ka samu, wani ya yi rawa ya samu kuɗi wani ya yi ya sha duka. In ka ce wa mutum sayi hannun jari za ka samu rabo, abin da zai zo masa shi ne irin garaɓasar da ake yi a jefa sunaye a zaro na mutum ɗaya a ba shi mota, wato ko a dace ko a rasa, wasu ma su ce caca ce. Shi kuwa wannan lissafi ne tsaf, mai hannu 100 da mai hannu 10,000 kowa gwargwadon abin da ya zuba. "Rabon riba" na yarda da ita amma sunan aikin ne, ranar da kamfani ya raba. Abin da ya iso hannuna fa, me sunansa?

Ɗan Kwari:
To ai kaso ne wannan. In mun haɗa kuɗi mu uku mun sauke dila, aka sayar aka zauna lissafi, cewa muke a kasa uku kowa ya ɗau kasonsa. Kason riba kenan.

Malamar Hausa:
Alhamdu lillahi, ka ga inda ake so a zo. Kason riba. Kalmar kaso ta nuna cewa akwai wata babbar riba da aka kasa, kai ɗaya ne cikin masu ita, kuma ba wanda zai karanta ta da gajeren wasali don ba a kasa kuɗin ruwa tsakanin abokan tarayya, mai bashi ne ke karɓe abinsa shi kaɗai. Ta kuma fitar da tashin farashi waje tunda shi ba kasawa aka yi ba. Mu gwada ta a jimla mu ji ko za ta yi tuntuɓe. Kamfanin ya sanar da kason riba na kobo 50 a kan kowane hannun jari. Kason ribata ya shigo jiya. Bana ba su ba da kason riba ba. Wanda ake bayarwa kafin shekara ta ƙare a ce kason tsakiyar shekara, na bayan babban taro kason ƙarshen shekara. Ni dai kunnena bai ƙi ko ɗaya ba.

Ɗan Maraɗi:
Ta zauna, har wajenmu za a gane ta. Abu guda, kaso ai gidan yari ne kuma, gidan kaso. Sannan na ji 'yan rediyonku na cewa kaso 10 cikin ɗari, kar a zo ana cewa an cire kaso 10 daga kaso.

Malamar Hausa:
Na gidan kaso ba zai dame mu ba Malam, da zarar riba ta biyo baya ba mai tunanin kurkuku. Na biyun gaskiya ne, maganinsa a riƙe kashi wajen lissafin ɗari, a ce an cire kashi 10 cikin ɗari na kason riba, dama kashi ɗin shi ne tsohon amfani.

Tsohon ma'aikacin banki:
Na karɓa, kuma da na samu wannan kalma shekarun baya da na huta da dogon bayani a kanta. La'ada da kamasho kar wanda ya kawo su nan, su na dillalin da ya saya maka ne. Akwai kuma lokacin da kamfani maimakon kuɗi sai ya ƙara maka hannun jari kyauta, misali duk mai biyar a ƙara masa ɗaya, wannan ni gyara nake ce masa irin ta mai awo, ko ɗan maraƙi in mun bi saniyar ɗan uwanmu.

Ɗana mai tambaya, ba duk kuɗin Baba ne suka ɓata ba. Takardun nan masu kama da cak sun daina aiki don wata shida ne wa'adinsu, yanzu ta asusun banki ake biya kai tsaye. Kowane kamfani yana da rajistara mai riƙe da sunayen masu hannun jarinsa, sunan rajistaran na jikin takardar, kuma hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari tana da shafin da ake duba suna a ga inda mutum yake da kason da bai karɓa ba. Tunda mai su ya rasu za a nemi takardar shaidar rasuwa da takardar kotu ta waɗanda aka ɗora wa kula da dukiyar, a buɗe asusun banki na dukiyar mamacin, a cika fom da BVN. Dokar kuɗi ta 2020 ta ce wanda ya kai shekara shida ba a karɓa ba a mayar da shi wani asusun amana na gwamnati, amma mai shi ko magajinsa yana da ikon nema ko yaushe. Ka duba yadda aka rubuta sunan Baba a kowace takarda, nan ne mutanenmu suka fi shan wahala, wata an sa Muhammadu wata Mamman wata an sa sunan gari a madadin na mahaifi, sai an yi rantsuwa a kotu cewa mutum ɗaya ne.

Almajirin malamai:
Allah ya saka da alheri. Ƙari ɗaya don kar a fahimce mu a karkace, samun suna mai kyau ba shi ne fatawa ba. Kason riba daga kamfanin fulawa daban, daga kamfanin giya ko bankin da sana'arsa ba da bashi da ruwa ce daban, hukuncin yana bin sana'ar da aka ci ribar a cikinta. Kasuwar hannun jari ta Legas ma tana da jerin kamfanonin da aka tace bisa shari'a tun 2012. Na bankunan nan da ke cikin akwatin Baba ku kai wa malamin da zai raba muku gado ya duba.

Mai tambaya:
Haka za a yi insha Allahu Malam, na ware su gefe tun ɗazu. Bayan magariba na shiga wajen Inna na karanta mata jimlolin Malama ɗaya bayan ɗaya ban yi mata wani bayani ba, da na zo kan "kason ribar Malam na kamfanin fulawa yana nan ba a karɓa ba" sai ta yi shiru, can ta ce ashe tarayya ya shiga da su, da haka aka faɗa masa tun farko ai da ya karɓa. Ta ce in kira Yaya Babba mu fara zancen takardar kotun ranar Litinin.