Muhawara: Wai faɗan bi-da-bi ya gama yayi a wasannin RPG?

Barde: Jama'a, wanda ransa zai ɓaci ya yi haƙuri, amma faɗan bi-da-bi, wato wanda kowa ke jiran layinsa, a gem ɗin RPG (wasan da kake riƙe jarumi yana girma cikin labari) ya gama yayi. Ka zaɓi sara a cikin jeri, jaruminka ya je ya sara ya dawo layi, sannan dodo ya zo ya kwaɗa maka mari kana tsaye kana kallo. Wannan wane irin faɗa ne? Raunin na'urorin dā ne ya jawo shi, ba su da ƙarfin da za su motsa komai lokaci guda. Yanzu kuwa na'ura tana iya komai. Ku dubi Final Fantasy. Tun 1987 da bi-da-bi aka san shi, amma zuwa na 16 da ya fito a 2023 sun riga sun watsar, har suka ɗauko Ryota Suzuki, wanda ya yi aikin faɗan Devil May Cry 5, suka damƙa masa. Fallout na 1997 bi-da-bi ne, zuwa 2008 ya koma harbi kai-tsaye. Dragon Age ma ya karkata zuwa faɗan kai-tsaye. Masu abin sun sake shi, ku kuka riƙe.

Dattijo: Barde, yaro man kaza. Batun raunin na'ura ba haka yake ba. A 1986 aka saki The Legend of Zelda da Dragon Quest, duk a kan na'urar Famicom ta Nintendo. Ɗaya kana kai sara da hannunka, ɗaya kana zaɓa a jeri. Na'ura ɗaya, shekara ɗaya. Kafin su ma akwai Hydlide da Dragon Slayer tun 1984 a kwamfutocin Japan, faɗansu kai-tsaye ne. Bi-da-bi daga kan tebur ya fito, daga Dungeons & Dragons na Gary Gygax da Dave Arneson a 1974, shi kuma daga wasannin yaƙi da ake jera 'yan gumakan sojoji ana auna tazara da ma'auni. Zaɓi aka yi, ba tilas ba ce.

Barde: To Baba, ai ka ƙara mini ƙarfi. A kan tebur mutum biyar ba za su iya magana lokaci guda ba, dole a bi layi. Kwamfuta ba ta da wannan matsalar. Su kansu masu Diablo da bi-da-bi suka fara tsara shi. Kamfanin Blizzard ne ya matsa wa David Brevik, jagoran masu ƙera shi, da mutanensa su mayar da shi kai-tsaye, kuma shi da bakinsa ya sha ba da labarin yadda ya ji da ya danna ƙwarangwal ya ga jarumi ya taka ya farfasa shi nan take. Da sun bar shi yadda yake, wa zai tuna da shi yau?

'Yar Baka: Yaya Barde, Diablo mutum ɗaya kake riƙe da shi. Nan gizo ke saƙar. Ba ni mutum huɗu: mai garkuwa a gaba, maharbi a kan tudu, matsafi a baya, mai magani yana lura da kowa. Da yatsu goma ta yaya zan sarrafa su duka a daƙiƙa ɗaya? Ko dai a tsayar da lokaci, ko a ƙwace mini uku a ba kwamfuta. Dragon Age da ka ambata shi ne shaidata. A Origins na 2009 kana iya shiga jikin kowanne cikin huɗun, har ka rubuta wa mai magani doka cewa in jinin wani ya sauka ƙasa da rabi ya warkar da shi. A Veilguard na 2024 abokan tafiya sun koma biyu, kuma ba ka shiga jikinsu, sai dai ka buɗe da'ira ka ce wane jefa kaza. Faɗan ya yi kyau a ido, ban musa ba. Amma tawaga ta tashi daga mayaƙa ta koma maɓallai biyu masu magana.

Auta: Anti, maɓallai masu magana! Wallahi kin kashe ni da dariya.

Malam Lissafi: Ni ina ganin kun tsallake asalin tambayar: wa ke riƙe da takobin, kai ko jarumin? A RPG na asali, in jarumi gwanin takobi ne, to gwani ne ko da kai mai riƙe da hannun gem ba ka iya komai ba. Lambobinsa ne ke faɗa, kai naka shawara. In ka ce yatsuna ne za su kauce wa sara, to me amfanin makin zafin nama da na zuba masa?

Morrowind na 2002 ya nuna inda igiyar ke tsinkewa. Kana gani da idonka takobi ya ratsa jikin maƙiyi, amma ba abin da ya same shi, saboda a ɓoye gem ya jefa ƙuri'a, ya duba gwanintarka da wannan makamin da kuma gajiyarka, ya ce ka kuskure. Sababbin 'yan wasa suka riƙa zaton gem ɗin ne ya lalace. Da Oblivion ya zo a 2006 sai Bethesda, mai wasannin biyu, ta cire wannan, in takobi ya taɓa to ya taɓa, gwaninta sai dai ta ƙara yawan ɓarnar. Mutane suka ji daɗi, amma daga ranar rabin aikin jarumi ya dawo hannun mai wasa. Ba na cewa laifi ne. Ina cewa wani abu aka bayar aka karɓi wani, kuma Barde yana magana kamar kyauta aka samu.

Auta: Malam, ni fa ban yarda faɗan kai-tsaye ba shi da lissafi ba. Wanda ya buga Dark Souls ko Elden Ring ya sani. Kowane sara yana cin numfashi, kowane mirgine yana cin numfashi, in ya ƙare ka tsaya kamar rago. Nauyin sulkenka yana canza yadda kake mirginawa. Shan magani yana ɗaukar lokaci, in ka sha a gaban bos, wato babban maƙiyi, lokacin da bai dace ba ka gama. Sai ka karanci motsinsa, ka san bayan sara uku yana ɗan dakatawa, a nan za ka shiga. Ai wannan ma bi-da-bi ne, kawai ba wanda zai ce maka layinka ya zo, kai za ka gano.

Malam Lissafi: Maganarka ta ƙarshe ta yi ma'ana ƙanena. Amma akwai masu gama Dark Souls ba su ƙara wa jarumi mataki ko ɗaya ba. In mutum zai kashe bos na ƙarshe da jarumin da bai girma ba, wa ya girma? Mai wasan. Gem ne mai kyau ƙwarai, sai dai yatsu yake horarwa.

Auta: A bi-da-bi ma akwai masu gamawa da jarumi ɗaya tal ko da ƙaramin mataki. Can ma mai wasan ne ya girma, kansa ne kawai maimakon yatsunsa.

Barde: Yauwa Auta. Kuma ku bar ni in faɗi abin da ya fi ƙona mini rai: ƙuri'a. A XCOM ka kitsa dabara, ka zagaye maƙiyi, sojanka yana tsaye dab da shi, allo ya rubuta kashi 95 cikin ɗari, ya harba ya kuskure. Juyi na gaba an kashe shi, kuma ya tafi ke nan har abada. Ina dabara a nan? In na mutu a Elden Ring na san ni na yi kuskure. A can kuwa lamba ce ta ga dama.

'Yar Baka: Kashi 95 ai ba ɗari ba ne, Yaya. Cikin harbi ashirin ɗaya zai kuskure, kuma gem mai tsawo harbi ɗaruruwa ake yi. Dabarar ita ce kada ka jingina ran sojanka a kan harbi ɗaya. Ka bar wani a baya da gurneti, wanda ba ya kuskurewa. In shirinka ya rushe saboda kuskure ɗaya, dama can ba shiri ba ne.

Malam Lissafi: Abin dariyar ma, masu yin gem sun san zuciyar mutum ba ta jituwa da lissafi, don haka suke yi mana ƙarya mai daɗi. A yawancin Fire Emblem tun daga na Game Boy Advance, gem yana jefa lamba biyu ya ɗauki tsakiyarsu, sai ya zama in an rubuta maka 90 damarka ta gaskiya ta kai wajen 98. XCOM 2 kuma a matakan sauƙi yana ƙara maka dama a ɓoye in ka jera kuskure. Wato ana tallafa maka ma, Barde, kake wannan kuka.

Barde: To in sai an yi mini ƙarya kafin abu ya yi daɗi, ai abin ne ke da matsala.

Dattijo: Mu koma kan cewar ya gama yayi. A shekarar da Final Fantasy 16 ya fito, wane gem ne ya ɗauki kambun gem na shekara a The Game Awards? Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian da ke Beljiyam. Bi-da-bi tsantsa, da ƙwayar ƙuri'a mai fuska 20 tana juyi a kan allo kowa na gani. Kuma abin da ake yi a cikinsa ba zai yiwu da gudu ba. Ka zuba maiƙo a bakin ƙofa, ka jira su shigo su zame, ka cinna wuta. Ka hau da maharbi kan rufi don ya sami ƙarin dama. Ka tura babban maƙiyi ya faɗa rami, faɗan da aka shirya zai ci minti ashirin ya ƙare a juyi ɗaya, ko da yake kayan jikinsa sun bi shi. Pokémon tun 1996 bi-da-bi yake a yawancin manyan wasanninsa, yara kuma ba su ce ya tsufa ba. Yakuza ma baya ya yi a lissafinka: shekara da shekaru ana dambe kai-tsaye a titi, sai a 2020 Like a Dragon ya koma bi-da-bi, suka ce ai jarumin, Ichiban, mayen Dragon Quest ne, haka yake ganin faɗa a kansa.

Sannan ka tuna ba kowa ke da yatsunka ba. Ni yanzu in na daɗe ina danne-danne da sauri hannu yana mini tsami. Akwai mai lalurar hannu, akwai mai jariri a cinya. A bi-da-bi sai in ajiye hannun gem in je in dawo, dodo yana nan yana jirana cikin ladabi.

Barde: Allah ya ƙara lafiya Baba. Amma an yi maganin wannan. A Final Fantasy 16 akwai zobba da za ka sa wa jarumin, Clive, ɗaya yana kauce maka da kansa, ɗaya yana haɗa maka jerin sara da maɓalli guda.

Dattijo: Amin. To in zobe ne ke kaucewa, zobe ne ke sara, ni me ya rage mini? A bi-da-bi ba a rage mini komai ba, duk shawarar tawa ce. A naka sai an cire gem ɗin kafin in iya bugawa.

'Yar Baka: Amma Baba, a gaskiya akwai inda Yaya Barde ya fi mu hujja, ko da bai kawo ta ba. Ƙananan faɗa. Ka haɗu da ɓeraye shida da ka san za ka gama da su, amma sai ka zauna kowanne ya yi tunani, ya taka, ya cije ka, kafin layi ya dawo kanka. Tsofaffin wasannin Japan da kowane taku goma sai allo ya juya an shiga faɗa, wannan kam azaba ce, danna sara kawai kake yi kana hamma. Bi-da-bi yana daɗi ne in kowane faɗa an gina shi da hannu, da tudu da kwari da abin mamaki. In ciko ne, gara a bar ni in share su cikin daƙiƙa goma. Shi ya sa nake son Pathfinder: Wrath of the Righteous, da maɓalli ɗaya kake sauyawa, tarkace ka bar lokaci ya gudana, bos ka koma bi-da-bi.

Malam Lissafi: Baldur's Gate na farko a 1998 ai tsakiyar ya nema, lokaci na tafiya kana tsayarwa in ka so, a ƙasa kuma ana lissafin zagaye na daƙiƙa shida. Ni dai ban taɓa jin daɗinsa ba. In faɗa ya yi zafi kana tsayarwa kowane motsi, ya zama bi-da-bi marar tsari. In ka sake shi kuma matsafinka ya jefa ƙwallon wuta inda maƙiya suke ɗazu, ya samu naka mutanen da suka iso wurin.

Auta: To Clair Obscur: Expedition 33 fa, na 'yan Faransa da ya fito a 2025? Layi ake bi, kana zaɓa a jeri, amma in maƙiyi ya kawo hari kai za ka kauce ko ka tare da yatsanka, in ka tare duka ka rama nan take. Na wa ne a cikinku?

Barde: Nawa ne mana. Sun gane tsayawa a mare ka ba daɗi.

Dattijo: Super Mario RPG ya yi danna-a-kan-lokaci tun 1996, ba sabon abu ba ne. Kuma layi ake bi, don haka namu ne.

Malam Lissafi: Ni kuwa shi ya fi damuna a cikinsu duka. Wanda ya ƙware a tarewa zai iya cin bos da ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba, tun da ba a taɓa shi. Wanda bai ƙware ba kuma, ko ya tsara tawagarsa da kyau, manyan bos za su wahalar da shi. An sa jeri a gaba, amma rabin hukuncin na yatsu ne.

'Yar Baka: Malam, ka gina Maelle, ɗaya daga cikin jaruman gem ɗin, yadda ya kamata ka gani ko bos zai samu damar kawo harin da za ka tare.

Barde: Anti 'Yar Baka, turo mini yadda kika gina ta. Ba don na sauka daga maganata ba, akwai wani bos da ya tsare mini hanya.

Auta: Yaya Barde, dama kana buga shi?