Hoton bangon littafi: sata ce ko ba sata ba?

Ɗan Nima: Salamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake. Na ba wani yaro mai zane a unguwar New Town aikin bangon littafina na tarihin zangonnin Accra, sai ya je ya sato hoton babban masallacin Kanda a intanet ya manna. Da aka buga, hasumiyoyin suka fito dishi-dishi, shuɗin sama ya koma ruwan toka. Mai injin ya ce hoton bai kai dpi 300 ba, wato ma'aunin kaifin hoto da ake so wajen bugu. Masu zanen nan sun daina fita da kyamara, shi ya sa bangunan littattafanmu suke kama da juna.

Mai Zane: Haba Malam, sata? Ɗakin wa ya fasa? Abin da aka baza a Google kowa na ɗauka.

Hajiyar Maamobi: Sata ce mana. Wani ya tsaya cikin rana ya ɗauki hoton nan. Ghana na da dokar haƙƙin mallaka ta 2005, kuma ta haɗa da hotuna.

Mai Zane: Hajiya, masallaci ɗakin Allah ne. Wa ya mallake shi?

Hajiyar Maamobi: Ba ginin nake nufi ba ɗana, hoton.

Kawun Aboabo: A shari'a ba a kiran abu sata sai an ɗauke shi daga ma'ajiyarsa. Ku iya bakinku, kada ku ɓata sunan ɗan mutane.

Ɗan Nima: Kawu, ni maganar dishi-dishi nake yi.

Kawun Aboabo: Kuma ma wa ya ce masallacin Kandan da Turkiyya ta gina aka buɗe a 2021 shi ne fuskar zango? Ku zo Kumasi ku ga tsohon zango.

Ɗan Sabon Zango: To fa, an fara. Unguwarmu Sabon Zango ta Accra da Malam Bako ya kafa ta haura shekara 100. Hotonta ya kamata a sa.

Hajiyar Maamobi: Ku mutanen Kumasi, ko maganar koko ake yi sai kun kawo Aboabo.

Mai Zane: Nawa ma ya biya yaron? Ku ba mutum kuɗin waakye, wato shinkafa da wake, ku turo hoto ta WhatsApp duk ya matse, sannan ku ce ɓarawo.

Ɗan Nima: Ban turo komai ba, ban kuma ce ɓarawo ba!

Kawun Aboabo: Wanda ya yi sata me sunansa?

Shugaban zaure: Ya isa haka. Ni shekaruna da yawa a harkar ɗab'i, kuma abin da na fahimta shi ne yawancinmu mun yarda kalmar sata ta yi tsauri, marubuta kuma ba sa biyan masu zane yadda ya kamata. Malam ya janye kalmar, ya ƙara wa yaron kuɗi a sake bangon. Hajiya, batun doka a bar wa lauyoyi. Na rufe maganar.

Hajiyar Maamobi: Yawancinmu su wa? Ku uku ne.