Wa ya ƙirga matan da ke rasuwa wajen haihuwa?

Malam Habu: Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce a cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya mata 512 ne ke rasuwa sanadin ciki ko haihuwa, amma ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar na shekarar 2020 ya ce 1,047 ne, wato ya ninka na farko. Dukkansu kuwa lissafin kirdado ne, domin mamatan da ake yi wa rajista a ƙasar nan kusan kashi 10 ne kawai cikin 100, duk da cewa tun 1992 doka ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa. Jahilcin mutanenmu ne ya jawo haka: a binne gawa, a yi zaman makoki, a watse, babu mai zuwa ofishin Hukumar Ƙidaya.

Hajiya Rabi: Malam Habu, ka janye kalmar jahilci. Gaggauta kai mamaci makwancinsa koyarwar addini ce, kuma wanda ya yi wa mahaifiyarsa sutura kafin la'asar bai aikata jahilci ba don kawai bai tsaya cike takarda ba.

Ɗanjuma: Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, ai bai taɓa addini ba. Ana iya yin jana'iza yau a je rajista bayan sadakar bakwai. Abin da na sani shi ne ba a neman takardar shaidar mutuwa sai kuɗin mamaci sun maƙale a banki ko a ofishin fansho.

Malam Isa: Ni tambayata ita ce, su wane ne jahilan? In 'yan Arewa yake nufi, ya fito fili ya faɗa. Gwamnatin da tun 2006 ba ta ƙirga rayayyu ba, har ƙidayar 2023 ma aka ɗage, ita ce za ta ƙirga matattu?

Malama Zainab: A matsayina na ungozoma, bari in yi bayani. Masu binciken 2018 sun bi gida-gida ne suna tambayar mata game da 'yan uwansu mata da suka rasu, ko suna da ciki a lokacin ko sun haihu ba da daɗewa ba, don haka wadda aka manta ko aka ɓoye cikinta ba za ta shiga lissafi ba.

Hajiya Rabi: Malama, mun ji, amma har yanzu bai janye ba.

Ɗanjuma: Ku tuna yawan mace-macen da aka yi a watan Afrilun 2020 a Kano. Sai da maƙabartu suka cika aka koma tambayar masu haƙar kabari da iyalai. Gwamnatin jiha ta ce hawan jini ne da ciwon suga da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau, daga baya Ministan Lafiya na wancan lokaci, Osagie Ehanire, ya ce mutum 979 ne suka rasu, kuma kashi 50 zuwa 60 na iya zama korona ce sanadi.

Malam Isa: Ɗanjuma, mun san jar hularka. Duk zancen da aka ɗauko sai ka karkatar da shi kan Ganduje.

Ɗanjuma: Ban ambaci sunan kowa ba, Malam, kai ne tsarguwa ta kama.

Malam Habu: Ni dai tambaya na yi: 512 ne ko 1,047?

Alhaji Musa, shugaban zaure: An rufe wannan muhawara. Abin da na fahimta shi ne akasarin mahalarta sun amince cewa laifin na hukuma ne ba na talaka ba, kuma Hajiya Rabi ta yi gaskiya a kan kalmar da aka yi amfani da ita. Malam Habu zai nemi afuwa kafin ya sake rubutu a nan, shi kuma Ɗanjuma an gargaɗe shi kan shigo da siyasa.