Ta yaya mutanen gari za su tallafa wa manoman tumatir na Kadawa, yankin noman rani da ke Jihar Kano?

Mazaunin Gwale:
Assalamu alaikum. Kowace shekara, daga Janairu zuwa Maris, tumatir yakan cika kasuwar Kwanar Gafan da ke Garun Malam har farashin kwando ya faɗi ƙasa warwas, amma da damina ta kama sai ya gagari talaka a kasuwar 'Yan Kaba da ke cikin birnin Kano. Manomin da ya sha wahalar ban ruwa bai ci riba ba, mu masu saye ma ba mu huta ba. Shin akwai abin da mu mutanen unguwa za mu iya yi da kanmu, ba tare da jiran gwamnati ba?

Manomi daga Kura:
Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya saka da alheri. Ruwa ba ya daga cikin damuwarmu, domin tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 magudanan ruwa suke ratsa Kura da Bunkure da Garun Malam. Damuwarmu ita ce tumatir ba ya jira. Idan aka tsinke shi da safe, dole a rabu da shi kafin ya fara ruwa, kuma dillali ya san haka, shi ya sa yake yanka farashin da ya ga dama. Da yawa daga cikinmu kuma da bashin taki muke fara noman, saboda haka tun kafin amfanin ya nuna rabinsa ya riga ya zama na wani. Abin da zai fi taimaka mana shi ne mai saye tabbatacce wanda za a yi ciniki da shi tun lokacin dashe, ya ba da wani abu kafin alƙalami.

Uwargida daga Tarauni:
Malam, shawarata ita ce a bi hanyar adashi. Idan gidaje ashirin suka haɗa kuɗi suka ɗauki mota guda zuwa bakin gona, manomi zai samu fiye da abin da dillali yake ba shi, su kuma su saya ƙasa da farashin 'yan kiri. Abin da ya yi yawa sai a yanka a shanya a yi kauda, amma a kan tabarma mai tsabta ko raga, domin shanya a gefen titi ce take zubar da darajarta.

Tsohon malamin gona:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai ina roƙon kada a mayar da dillali abokin gaba, domin shi ne yake kai kaya har kasuwar Mile 12 a Legas, kuma cinikin unguwa ba zai shanye amfanin Kadawa ba. Ku dubi kwandon kansa: idan aka jibga wani kan wani a mota, na ƙasa matsewa yake yi ya ruɓe a hanya. Ƙungiyar unguwa za ta iya sayen akwatunan roba masu hawa kan juna ta riƙa ba manoma haya a kan kuɗi kaɗan.

Mazaunin Gwale:
Na gode ƙwarai. Zan gabatar da maganar adashin da ta akwatunan a taron unguwarmu bayan sallar Juma'a, in sha Allahu.