Wayar batirin zuciya a jijiyar His: magani ne ko gwaji?

Ɗan mai jinya: Salamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake. Shekara 2 ke nan da aka sa wa Baba batirin zuciya. Likita ya ce a kan jijiyar His zai kafa wayar, wai ita ce hanyar wutar zuciya ta asali. Jiya muka koma dubawa, aka ce yanzu sai an ƙara wa wayar wuta sosai kafin zuciya ta amsa, batiri na saurin ƙarewa, ƙila a sake shiga a canza ta. Dattijo ɗan shekara 74! Ni dai gwaji aka yi da mahaifina.

Ɗalibin likitanci: Allah ya ba Baba lafiya. Amma Yaya ka janye kalmar gwaji. Tun 1893 Wilhelm His ya bayyana wannan jijiya, kuma a 2000 Deshmukh da abokan aikinsa a Amurka suka wallafa sakamakon kafa wa mutane waya a kanta. Abin da ya haura shekara 20 ai ya wuce gwaji.

Ma'aikaciyar jinya: Ƙanena, gano jijiya daban, kafa mata waya daban. Abin da ya samu Baba sananne ne. Jijiyar His siririya ce, nama mai tauri ya kewaye ta, shi ya sa wutar da take buƙata kan hau bayan an sa. Saboda haka likitoci da yawa suka koma reshen hagu na wannan jijiya, hanyar da likita Huang ya fito da ita a Sin a 2017. A can ana murɗa wayar ta nutse cikin bangon da ya raba ɗakunan zuciya na ƙasa, wuta kaɗan ta ishe ta. In an bar wata hanya an kama wata, me za a kira ta farkon?

Ɗalibin likitanci: Ci gaba za a kira ta. Kuma Anti, ki daina ce min ƙanena a zauren ilimi.

Ma'aikaciyar jinya: Na shekara 15 ina tsaye a ɗakin da ake wannan aiki. Kai waya nawa ka taɓa riƙewa?

Dattijo mai batiri: 'Ya'yana ku yi haƙuri. Ni tawa tsohuwar hanya ce, a ɗakin dama na zuciya aka kafa wayar, shekara 9 ban ji komai ba. Sabon abu duk gwaji ne har sai ya tsufa.

Ɗalibin likitanci: Baba, tsohuwar ma tana da nata. In batiri ne ke yawan buga zuciya daga dama, ɓangarorin biyu ba sa matsewa tare, wasu zuciyarsu kan raunana da daɗewa. Dalilin neman sabuwar hanyar ke nan.

Dattijo mai batiri: Yaro, ciwo kake yi min fata?

Ɗalibin likitanci: Subhanallah, ba haka nake nufi ba Baba.

Mai gyaran na'urorin asibiti: Ku bar surutu. Wayar 3830 ta kamfanin Medtronic, hukumar FDA mai kula da magunguna da na'urorin asibiti a Amurka ta amince da ita don jijiyar His a 2018, don reshen hagu a 2022. Abin da hukuma ta sa wa hannu ba gwaji ba ne.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, ko talla ka zo yi? Akwai wayoyin kamfanonin Biotronik da Abbott da Boston Scientific masu siririn ƙarfe da ake tura su da shi, da su ma ake aikin. Kuma reshen hagun da ake yabo, waya kan huda bangon ta faɗa ɗakin hagu, sai an janye an sake wuri. Fitar da ita bayan shekaru masu yawa kuwa har yanzu ana tattara bayani.

Mai gyaran na'urorin asibiti: Hajiya, ba ni da kobo a kamfanin kowa. Ki janye.

Ɗalibin likitanci: Ɗazu ke kika yabi reshen hagu, yanzu kuma kin juya.

Ma'aikaciyar jinya: Ban juya ba. Kowace waya da nata haɗari na ce.

Ɗan mai jinya: Don Allah, tambayata ita ce mu yarda a sake yi wa Baba aiki ko a'a? Tun safe ba wanda ya amsa min.

Dattijo mai batiri: Ni dai yaron nan bai ba ni haƙuri ba.

Shugaban zaure: To, za mu rufe. Ga abin da na fahimta. An tabbatar da cewa kalmar gwaji ba ta dace ba, hujjojin shekaru da na hukuma sun nuna haka, kuma ba wanda ya karya su. Ni kaina wayar reshen hagu ce a ƙirjina, shekara 3 ke nan, ina hawa bene ba haki. Hajiya ta kawo wasu ƙananan matsaloli, mun gode, sai dai zargin talla bai kamata ba. Ɗan'uwa mai tambaya, ka koma wurin likitan Baba ka nemi a mayar da wayar zuwa reshen hagu. Allah ya ba shi lafiya. An rufe wannan magana.